Ingila, Amurka ko Kanada: kafin ka sayar da filin nan ka tafi karatu

Kowa tambayarsa ɗaya, wai wace ƙasa ce ta fi kyau a je karatu. Ni kuma a ganina ba daga nan ake farawa ba, ana farawa ne daga wa zai biya, sannan in ka gama dawowa za ka yi ko so kake ka zauna. Amsar yaron da Alhaji zai zuba masa kuɗi daban take da ta lakcaran da ke neman PhD ba shi da komai sai albashi, ta mai mata da yara uku kuma daban. Sannan duk wanda ya ba ka shawara da abin da ya gani a 2021 ko 2022, ka saurare shi don girmamawa amma kar ka ɗora gini a kai, don tun farkon 2024 kusan duk ƙasashen nan suka sauya dokokinsu, naira ma ai ba ita ba ce ta wancan lokacin.

Bari in fara da Ingila tunda can hankalin mutanenmu ya fi karkata. Abin da take da shi wanda sauran ba su da shi shi ne sauri. Mastas shekara ɗaya ce cak, ka shiga Satumba ka miƙa furojet ɗinka Satumba mai zuwa, digirin farko kuma shekara 3 (in Sikotland ce 4). Adimishan ba wuya in sakamakonka ba laifi, jami'o'i da yawa suna karɓar C6 na Ingilishi a WAEC a madadin jarabawar Ingilishi ta IELTS, mai HND ma akwai inda za su ɗauke shi ko su ce ya fara da ɗan kwas na share fage. Biza ma ta takardu ce, in jami'a ta ba ka CAS, wato shaidar ta ɗauke ka, ka yi gwajin tarin fuka a Abuja ko Legas, kuɗin da aka ce ka nuna sun kwana 28 a akawun ba su ragu ba ko na rana ɗaya, to yawanci ana bayarwa. Galibi ba ruwansu da kallon fuskarka.

Matsalar ita ce komai kuɗi ne, kuma a gaba ake biya. Kuɗin makaranta na mastas a jami'o'i masu dama-dama wajen fam 15,000 ne, manyan kuma su haura 30,000. A Janairun 2025 kuɗin ci da haya da ake so ka nuna ya koma fam 1,136 a wata in wajen Landan ne, 1,483 in cikin Landan, na wata 9, kuma ƙara shi ake yi lokaci-lokaci. Ka lissafa na wajen Landan kawai, fam 10,224 ke nan. Ga kuɗin lafiya na IHS fam 776 a shekara, kuma tunda bizar mai mastas ta ɗara shekara, na shekara ɗaya da rabi za ka biya, 1,164. Ga kuɗin bizar kanta sama da fam 500, ga tikiti. In ka ɗauki fam a naira 2,000, wato mastas mafi arha tana neman miliyan 50 da ɗoriya. Filin nan na bayan gari da kake ji da shi, tambayi dillali nawa zai yi.

Sai ka ji wani ya ce ai ka biya difozit kawai ka shiga, sauran ka haɗa da aiki. Wlh nan ne aka fi yaudarar mutane. Awa 20 a mako doka ta ba ka lokacin karatu, mafi ƙarancin albashi kuma a Afrilun 2025 fam 12.21 ne a awa ga wanda ya kai shekara 21, wato in ka cika awanninka tsaf ba fashi za ka tashi da wajen fam 1,000 a wata. Wannan haya ce da abinci da kuɗin bas, ba ya taɓa kuɗin makaranta, kuma aikin ma ba a ajiye yake yana jiranka ba, yawanci kula da tsofaffi ne ko sito ko gadi ko shara, a garin da ɗalibai dubbai ke neman irinsa. Wanda ya manta ya tuna abin da ya faru a jami'ar Teesside a 2024, naira ta karye, ɗaliban Najeriya suka kasa cika kuɗin makaranta a kan lokaci, aka rufe musu akawun na karatu, aka sanar da hukumar shige da fice, wasu har takardar su bar ƙasar aka ba su. Mutanen nan ba sakaci suka yi ba, lissafinsu da tsohon canji suka yi, dala da take ƙasa da naira 500 a hukumance kafin Yunin 2023 ta zo ta haura 1,500 a farkon 2024. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Iyali kuma, tun Janairun 2024 mai mastas ta aji ba zai tafi da mata ko miji ko yara ba. Sai mai PhD ko mastas ta bincike, ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Wannan dokar kaɗai ta sauke 'yan Najeriya da yawa daga layin Ingila, don da can dabarar ita ce ɗaya na karatu ɗaya na aiki cikakke yana riƙe gida. Bayan kammalawa akwai bizar da ake kira Graduate Route, tun 2021 take, shekara 2 ga mai digiri ko mastas, 3 ga mai PhD, za ka yi kowane irin aiki. To ita ma an ce daga Janairun 2027 za ta koma wata 18 ga waɗanda ba PhD ba, kuma in ta ƙare sai ka samu kamfanin da zai tsaya maka da albashi mai kauri, ma'aunin gama-gari ya kai fam 41,700 a 2025, ko da yake ana sassauta wa sababbin kammalawa. Wanda ya karanci jinya ko wani fannin lafiya ko kwamfuta ya fi samun hanya, mai mastas ta gudanar da kasuwanci daga jami'ar da ba a san ta ba kuwa sai addu'a.

Sikolashif akwai, Chevening da Commonwealth su ne manya, hukumar PTDF ta gwamnatin Najeriya ma tana turawa a fannonin mai da gas. Chevening tana son ka yi aikin shekara 2 kafin ka nema, kuma ka sa hannu za ka dawo gida ka yi akalla shekara 2. Ga wanda dama dawowa ce niyyarsa ba abin da ya fi wannan. Amma gurbin kaɗan ne, masu nema tari, kar ka yi shirin rayuwarka a kanta.

Amurka ita tsarinta juyin na Ingila ne. In da kuɗinka za ka biya, to ita ce mafi tsada, manyan jami'o'i masu zaman kansu kuɗin makaranta kaɗai ya haura dala 60,000 a shekara, digiri shekara 4, mastas yawanci 2, ga inshorar lafiya da dole ne ka saya kuma ba wasa ba ce. Amma in talaka ne kai mai ƙwaƙwalwa, a tarihi ba ƙasar da ta kai ta biya wa baƙo karatu. PhD a can, musamman a kimiyya da injiniya da lissafi da tattalin arziki, ba kai kake biya ba, su za su yafe maka kuɗin makaranta su ba ka kuɗin wata, kai kuma ka taya farfesa bincike ko ka koyar da 'yan aji ɗaya. Kuma abin da yawancin yaranmu ba su sani ba, ba sai kana da mastas ba, daga digirin farko kai tsaye za ka iya nema. Yaro ya fito da sakamako mai daraja ta ɗaya daga ABU ko BUK ko Danfodiyo yana ta neman wanda zai biya masa mastas ɗin shekara ɗaya a Ingila, alhali da ya zauna ya gyara takardar bayanin kansa, ya samu malamai uku su rubuta masa shaida mai ma'ana ba irin layi biyun nan na "yaron kirki ne" ba, ya rubuta jarabawar GRE in an nema, da ya samu wanda zai ɗauki nauyinsa shekara 5 ko 6. Abin da ake biya da shi shi ne lokaci, PhD ɗin Ingila shekara 3 zuwa 4 ce, ta Amurka sai ka yi shekara biyu kana shiga aji da jarabawa kafin ma ka fara bincikenka. A digirin farko ma akwai irin su Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst da ba sa duba aljihunka wajen ɗauka, in sun ɗauke ka su cike abin da ba ka da shi, sai dai shiga can kam sai wanda Allah ya zaɓa. Ofishin EducationUSA na Abuja da Legas aikinsu ke nan, nuna wa ɗalibai hanya.

Bayan gamawa akwai OPT, shekara ɗaya ta aiki a fannin da ka karanta, in fannin kimiyya da fasaha ne a ƙara maka shekara 2 su zama 3. Daga nan sai bizar aiki ta H-1B wadda ƙuri'a ake yi, gurbi 85,000 a shekara ga duniya baki ɗaya. Lokacin karatu kuwa awa 20 ne kuma a cikin makaranta kawai, ba maganar ka fita gari ka nemi aiki, matarka in ta biyo ka da bizar iyalin ɗalibi ta F-2 ita ba ta da izinin aiki sam.

To amma duk wannan daɗin bakin yana bayan ƙofa ne, ƙofar kuma ita ce matsalar. Dama can bizar Amurka ba ta takardu ba ce zalla, ka biya kuɗin rajistar ɗalibi na SEVIS dala 350, ka biya kuɗin biza dala 185, ka samu ranar intabiyu da ƙyar, ka tsaya gaban taga minti biyu ko uku a ce ba ka gamsar da su cewa za ka dawo ba, shikenan, kuɗinka sun tafi. A Yulin 2025 suka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya, wata 3. A Disambar 2025 kuma gwamnatin Trump ta sa Najeriya cikin ƙasashen da aka dakatar wa wasu nau'o'in biza har da ta ɗalibai, daga 1 ga Janairun 2026, Nijar kuma aka sa ta a jerin waɗanda aka rufe wa ƙofa gaba ɗaya, inda Chadi da Sudan suke tun Yunin 2025. Amurkar da ɗaliban Najeriya suka kai wajen 20,000 a cikinta a zangon 2023/24 fa. Irin wannan doka da sa hannun mutum ɗaya take zuwa, da sa hannun mutum ɗaya take tafiya, don haka kafin ka kashe ko dala ɗaya a kuɗin fom ka duba shafin ofishin jakadancinsu ka ga halin da ake ciki a ranar. Ni dai ba zan ce wa kowa ya mayar da Amurka shirinsa ɗaya tilo ba.

Kanada ita ce wadda aka fi yi wa waƙa shekarun baya, dalili kuma ɗaya ne, takardar zaman dindindin. Ka yi karatu, a ba ka izinin aiki na PGWP har shekara 3, ka tara maki a tsarinsu na zaɓen mazauna, Express Entry, ka zama mazauni. Hanyar nan tana nan amma ta ƙuntata sosai. A Janairun 2024 suka sa iyaka a kan yawan izinin karatu da za su bayar, suka ɗaga kuɗin da za ka nuna daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635, a Satumbar 2025 ya koma 22,895, banda kuɗin makaranta na shekarar farko. Tsarin nan na gaggawa da aka yi wa 'yan Najeriya, Nigeria Student Express, an rufe shi a Nuwambar 2024. Wanda ya je ƙaramar kwaleji ya yi difloma yanzu sai kwas ɗinsa na cikin jerin fannonin da suke buƙata kafin a ba shi izinin aiki, kuma nan ne ejan-ejan suka fi jefa mutane, don kwalejojin ne ke ba su kamasho mai tsoka. Mai mastas daga jami'a kuwa har yanzu yana samun shekara 3, matarsa ma tana iya samun izinin aiki in kwas ɗin ya kai wata 16 ko kuma PhD ne. Ka lura da wannan, ga mai iyali da ke neman mastas, nan Kanada ta ɗara Ingila da nisa.

Sannan Kanada tana da wani abu tsakanin na Ingila da na Amurka, mastas ta bincike wadda in farfesa ya yarda ya zama sufabaizanka yakan haɗa maka da ɗan tallafi. Aikin shi ne ka zauna ka karanta abin da mutumin yake bincike a kai ka tura masa imel mai ma'ana, ba saƙo ɗaya da ka kwafa wa mutum hamsin ba, suna ganewa. Aiki a waje awa 24 ne a mako. Ƙin ba da biza ga 'yan Afirka yana da yawa, kuma ba intabiyu ballantana ka kare kanka, takarda ce kawai za ta zo ta ce ba su gamsu za ka koma gida ba ko kuɗinka ba su da asali bayyananne. Kuɗin da aka zuba maka a akawun jiya-jiya daga ɗan canji, ana gani. Haya a Toronto da Vancouver ta fi ƙarfin ɗalibi, inda ake samun sauƙi irin su Winnipeg da Saskatoon kuma sanyi ne da kan kai 30 ƙasa da sifili, wanda ya taso a Sakkwato ko Maiduguri ya san abin da zai tarar, kamar a ɗauke ka daga bakin murhu a tura ka cikin firiza ne na tsawon wata biyar.

Ostareliya ba zan daɗe a kanta ba. Karatu mai kyau, albashin awa mai kyau, aiki awa 48 duk mako biyu, yanayi ya fi kama da namu. Amma kuɗin neman bizar kaɗai ya kai dalarsu 2,000 a Yulin 2025, in an hana ka ba a mayarwa, ga kusan 30,000 da za ka nuna na zama, ga nisan da in aka yi rasuwa a gida sai dai ka yi ta'aziyya ta waya. In ka samu gurbin PhD da tallafi ka tafi, in da kuɗinka ne ban ga dalili ba. Ailan kuma mutane na mantawa da ita, mastas shekara ɗaya, izinin zama neman aiki har shekara 2, manyan kamfanonin fasaha da na magunguna suna can, sai dai samun ɗaki a Dublin ya fi samun adimishan wuya.

Akwai abin da ba a sawa a lissafi sai an je. Wajen addini da abinci Ingila ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, a Birmingham ko Bradford ko Manchesta ko gabashin Landan masallaci da naman halal ba abin nema ba ne, kusan kowace jami'a da ɗakin sallah, ga jirgi awa shida da 'yan kai ka sauka Abuja. A Amurka ya danganta da inda ka faɗa, a Bronx ta New York za ka ji Hausar 'yan Gana da 'yan Nijar a kan titi, amma jami'o'in da suka fi ba da tallafi da yawansu a ƙananan garuruwa suke inda in ba ka da mota Juma'a ma sai ta gagare ka. Ga 'yar'uwa mai hijabi ko iyayen da ke tunanin tura 'yarsu, garin ya fi sunan ƙasar muhimmanci, a tambayi waɗanda ke zaune a can. Hunturun Ingila ba ya kai na Kanada sanyi amma duhunsa ke kashe jiki, a Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk su riske ka kana cikin aji.

In aka matsa mini in zaɓa, ga yadda nake gani. Kana da aiki a gida, ko kasuwancin iyali, kuɗin suna ƙasa cikakku ba rabi ba, so kake ka ƙaro ilimi da takarda ka dawo: Ingila, ba ja. Shekara ɗaya ce, ofis ma sun fi saurin ba ka hutun karatu. Ba ka da kuɗi amma sakamakonka na magana, kana son bincike: ka bi farfesoshin Kanada da guraben PhD masu tallafi na Ingila da Ostareliya, ka sa ido a kan Amurka ko ƙofar za ta buɗe. Kana son zama ne da iyalinka: Kanada, amma ta jami'a da mastas, ba diflomar da ejan ya zaɓa maka ba. Digirin farko kuwa gaskiya in ba Alhaji ne mai ƙarfin da zai biya shekara 3 ko 4 da kuɗin waje ba tare da ya girgiza ba, yaro ya yi a gida ya fito da sakamako mai kyau, kuɗin nan a ajiye masa na mastas. Na ga gidajen da aka fara da ƙarfi a shekarar farko, a ta uku canji ya tashi aka rasa yadda za a yi, yaro ba digiri a can ba digiri a nan. Wanda kuma zai karanta lauya ko likitanci a waje da niyyar dawowa ya sani akwai wani matakin a gida, lauya sai ya bi ta makarantar horar da lauyoyi ya fara da kashi na ɗaya da ake yi wa masu digirin waje, likita sai ya ci jarabawar hukumar likitoci ta Najeriya, MDCN, kuma kafin bautar ƙasa sai an tantance takardunsa.

Maganar ejan, ba duka ne macuta ba, amma ka sani yawancinsu jami'a ce ke biyansu, don haka inda ya tura ka ba lallai ne inda ya fi maka ba. Fom ɗin nan duk a intanet suke, wanda zai iya mastas zai iya cika su da kansa. Duk wanda ya ce zai haɗa maka takardar banki ko ya ba ka tabbacin biza, ka tashi daga ofishinsa, Ingila in ta kama ka da takardar bogi haramcin na iya kai shekara 10. Kuɗin makaranta kuma ka biya kai tsaye ta hanyar da jami'ar ta nuna, kar ya bi ta akawun ɗin kowa.

Kuma kowacce ka zaɓa, tiransikirif ɗinka za ka fara nema tun yanzu, da fasfo mai sauran kwana. Chevening takan buɗe a Agusta ta rufe kafin ƙarshen shekara, yawancin PhD na Amurka da Kanada suna rufe karɓar fom tsakanin Disamba da Janairu don shiga Satumba mai zuwa, a jami'o'inmu kuwa fitar da tiransikirif kaɗai sai ya ci maka watanni in ba ka da mai bi maka ofis-ofis.